Shekarar da Shamuwa Ba Ta Sauka Ba

Itatuwa bakwai ne a gonar da mijina ya rasu ya bar mana, can hanyar Bukkuyum: gawo uku, ɗorawa biyu, tsamiya da kaɗanya. Ba a jere suke ba, kowanne inda Allah Ya tsirar da shi. Amma tsuntsaye sun mai da su hanya. Cilakowa in ta taso daga gulbi, sai ta faɗa tsamiya ta huta, ta tsallaka ɗorawa, daga nan sai daji. Ban taɓa ganin ta yi tafiyar a tashi ɗaya ba.

Babban gawon kuwa na shamuwa ne. Innata, Allah Ya jiƙanta, ita ta koya mini: ruwan da ya riga shamuwa sauka ruwan yaudara ne, kada iri ya taɓa ƙasa. Sai ka ga ta fara jan kara tana sheƙa, sannan ka ɗauki sungumi. Da haka nake shuka tun ina amarya, gero bai taɓa ba ni kunya ba.

Da rani na tafi Gummi jegon ɗiyata. Na dawo na iske kututture bakwai. Ƙanin mijina ne ya sare itatuwan ya kai wa masu haƙar zinariya, suna tokare ramukansu kada su rufta.

Na same shi ƙofar gida yana wanke babur.

Na ce, "Kai, wa ya ba ka iccena?"

Ya ce, "Haba matar Yaya, icce na hwa, ba mutum ba. Ko da shi anka ɗaura miki aure?"

"Shi dai bai taɓa cin amanata ba. Shamuwa fa, ina za ta sauka? Bisa kanka?"

"In ta zo ki ba ta ɗakinki, ai da fili."

Mazan da ke wurin suka kwashe da dariya. Har da liman, ya kau da kai yana murmushi.

Ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka shuka. Ni na ƙi. Na biyu ya zo, na ƙi. Kullum da hantsi ina tsaye tsakiyar gona da ƙwaryar iri, ina duban sama kamar mahaukaciya. Ba wai ban san shamuwa ba ta da inda za ta sauka ba ne. Hannuna ne ya ƙi sakin irin. Wata rana na hango shamuwa, garke guda, can sama ƙwarai. Suka kewaya gonar sau biyu, suka miƙe gabas.

Ranar na shuka. Geron mutane ya riga ya kai gwiwa. Nawa yana cikin fidda kai ruwa ya ɗauke, fara ta ƙarasa sauran, don shamuwa mai cinye ta ba ta nan. Abin da na girbe bai rufe gindin rumbu ba.

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Malamar ta zana mana tsuntsu a allo, ta ce itatuwan gona su ne zangonsa, in babu zango babu tafiya. Na ce, "Malama, wannan na biya shi da geron shekara, ki koya mini wanda ban sani ba."

Kututturen babban gawon ya yi toho, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Yanzu ya kai kafaɗata. Kafin ya iya ɗaukar sheƙa, ni an daɗe da ɗaukata.

Shuka kuwa, in na ga ƙanin mijina ya fita da sungumi, sai in bi bayansa.