Ƙumbar da na ɗauka dariya take yi

Shekarun baya na taɓa yin kwana biyu ina ba gawa labarin ban dariya, har ina jin kaina wani gwani. Kafin ku fara a'uziyya, gawar ba ta mutum ba ce.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka rushe unguwarmu ta kusa da Harami, muka koma Khalidiyya. Abokaina suka watse kamar an ɓarar da gero a gaban kaji. A sabuwar unguwa ko kyanwa ba ta amsa min sallama. Mahaifina yana jigilar alhazai, mahaifiyata tana kan keken ɗinki daga safe har magariba. Yayana kaɗai ya rage min, shi ma bai jima ba ya samu aiki a matatar mai a Yanbu.

Da zai tafi ya bar min amana: akwatin gilashi cike da ruwan teku, da fitila a sama, da famfo mai gurnani. A ciki akwai mahar guda uku, wato halittun nan masu ɓawo biyu kamar an kife faranti a kan faranti, naman bakinsu shuɗi da kore sai sheƙi yake. Ya ce in kunna fitila da safe, in ruwa ya sauka in ƙara har zuwa layin da ya zana, kada in saka komai a ciki, ko da yawuna ne. Ya ce in ɗaya ta mutu shi ma zai sa ni a ruwan.

Kakata, wadda aka haifa a bakin kogi a Nijar, ta leƙa ta taɓe baki ta ce ai ƙumba ce, a garinsu da ɓawonta ake kankare tukunya, ba a taɓa kunna mata fitila ba. Ni a sanina ƙumba farce ce, sai na duba yatsuna. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Matsalata ke nan da Hausa: ina ji sarai, amma da na buɗe baki sai a kwashe da dariya. Shi ya sa duk abin da ta faɗa min da Larabci nake mayar mata.

To ƙumba ba ta gyara wa mutum magana. In na dawo makaranta sai in jawo kujera in zauna gabansu in yi ta zuba da Hausata gurguwa. Na lura in na miƙa hannu sama da ruwan sai su rufe baki su sake buɗewa, na yanke hukuncin amsa sallama suke yi. Daga baya na ji wai inuwa suke tsoro. Na ba su labarin malamin lissafinmu mai hanci kamar hasumiya, da na direban da ya kai alhazai Uhudu ya dawo da wasu daban. Wani lokacin har nakan ji wani sauti kamar dariyar da aka danne, in ce famfon ne.

Ta farko ta mutu yayana yana gida ranar Alhamis, don haka ba a ɗora min ba. Ya fito da 'yan kwalabensa ya auna gishiri, ya auna zafi, ya auna abubuwan da ban san sunansu ba, ya ce komai tamam. Ya sauya ruwa da wanda ya ɗauko a jarka daga Yanbu. Bayan ya koma ta biyu ta bi ta. Da safe lafiyarta ƙalau, da la'asar sai ɓawo.

Saura babbar. Wallahi na kula da ita fiye da yadda ake kula da amarya. Na daina kunna rediyo kusa da ita. Na kori ƙuda daga ɗakin, na kori ƙanin ƙuda. Kakata ta ba ni zamzam a murfin kwalba ta ce in ɗiga mata, na tuna kashedin yayana, na tuna kuma ba a musu da zamzam, na ɗiga.

Washegari na tarar ta wangale baki fiye da kullum. Na ce alhamdulillahi ta warke, har dariya take. Na zauna na zazzage mata duk labaran da na tanada, ita kuwa baki a buɗe, ko motsi. Na ce lallai yau na kai maƙura. Kwana biyu muna haka, sai wari ya fara sallama tun daga ƙofa.

Na kira yayana a wayar gida, na faɗa masa har da zancen zamzam. Ya ce murfin kwalba ɗaya ba ya kashe komai, in ƙumba ta wangale baki ba ta rufewa to ta riga ta tafi. Ya ce ya tambayi mai shagon da ya sayar masa, mutumin ya ce haka suke yi wani lokacin, ba wanda ya san dalili. Bai yi faɗa ba. Na so ma ya yi, ko ba komai da mun daɗe a waya.

Na kashe fitilar. Na ci gaba da jawo kujerar bayan makaranta, don ban san inda zan kai ta ba. Sai in zauna ina kallon fuskata a gilashi, famfo yana ta gurnaninsa shi kaɗai.

Ana haka wata la'asar kakata ta turo ƙofa da tabarmarta a hammata. Ta shimfiɗa, ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Mai gidana, ƙarasa min labarin direban nan. Alhazan da ya bari a Uhudu fa?"

Na tambaye ta da Larabci ina ta ji shi.

"Da Hausa za ka tambaye ni," in ji ta. "Ita wadda ka yi min kishiya da ita ta mutu, ni da saurana. Kuma dariyar da kake ji ba famfo ba ne."

Ashe tun ranar farko a bayan ƙofar take shimfiɗa tabarma. Na ƙarasa mata labarin, ta gyara min kalma ta kai ɗari, ta ce alhazai ba a "zubar" da su, sauke su ake yi. Hausar da kuke karantawa yanzu daga nan ta samo ƙafa.

Har yau in na ga mutum ya buɗe baki ina ba da labari, sai na ɗan taɓa shi in tabbatar. Kuma na gane mutum yana iya yin wata da watanni yana kuka da kaɗaici alhali ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da mai sauraro.

Abin da ya kashe ƙumban nan uku kuwa ba mu taɓa sani ba. Yayana bai sake sayen wata ba. Akwatin gilashin yana kicin ana ajiye albasa a ciki, ɓawon babbar kuma kakata tana kankare tukunya da shi.