Rigar Orlo da Almakashin Kaka Chundung

A ƙaramin cocin da 'yan Filato da 'yan kudancin Kaduna suke haya a garin Manassas na Amirka, idan manya suka zauna jin wa'azi, yara sukan sauka ɗakin ƙasa wurin Kaka Chundung. Takan zauna a kujerar roba, ta cire takalma saboda ƙafafunta suna kumbura, ta ce wa yaro ya ba ta labarin halittar da ya fi so a littafi ko a talabijin. Su yi ta kawo mata kifaye masu sa takalmi da duwatsu masu atishawa. Ta saurara da ɗan Turancin da take ji, ta bar yaro ya gama zuba, sannan ta tambaye shi abin da halittar ta yi wa wani. Daga amsar take shiga Maganar Allah. Iyaye suna cewa baiwa ce Allah ya ba ta. Waɗanda suka san gidan ɗanta Davou sun san da almakashi abin ya fara.

An haifi Chundung a wajen Vom, amma a hannun dangin uwarta ta girma, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, domin mahaifinta ya tafi haƙar kuza bai cika dawowa ba. Ta yi aure, ta sami aikin wanki a asibitin mishan. Shekara da shekaru tana wanke zannuwan gadon masu amai da masu zubar jini, har fatar hannunta ta koma kamar ta ganga. Da mijinta ya rasu ta ƙara da ɗinki da yamma, da shi ta ciyar da yara. A asibiti ta ga masu zuwa dubiya su yi doguwar addu'a su tafi su bar mara lafiya cikin fitsarinsa, ta kuma ga waɗanda ba sa cewa komai sai su ɗauko kwano da ruwa. Tun daga nan ta daina auna mutum da bakinsa.

A 2008 ɗanta Davou ya kawo ta Amirka. Shi yana tura keken tsofaffi da marasa lafiya a filin jirgin Dulles, matarsa kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, shif kan shif. Sai ya zamana Chundung ce gidan. Ita ke dafa gwate, ita ke raka jikarta Olive bakin titi jiran bas ɗin makaranta, ita ke tarar ta. A garin da ba ta iya tambayar kuɗin tumatir ba, Olive ce kaɗai mai hira da ita daga safe har yamma. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amsa ce takan bayar da Turanci, sai dai saboda kakarta takan lallaɓa ta haɗa Hausa mai karyayyen baya, su yi dariya tare. Chundung tana kiranta ƙawata.

Shekarar da Olive take aji uku, makarantarsu ta sa wata ranar Juma'a a ƙarshen Oktoba da kowane yaro zai zo da shigar wanda ya fi so a cikin littafi. Olive ba ta da wani sai Orlo, wani ƙaton halitta mai gashi har ƙasa, na wani littafi da ta karanta har bangonsa ya rabu. Davou ya yi odar rigar, aka kawo, ya rataye ta a bayan ƙofar ɗakin yarinyar ya wuce aiki. Bai gaya wa uwarsa komai ba, don bai ga abin faɗa ba.

Da hantsi Chundung ta shiga shara. Tana tura ƙofa ta ga abu tsaye, dogo, gashi buzu-buzu daga sama har ƙasa, da fuska mai ramukan ido babu kowa a ciki. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

Ta san wannan abu. A ƙauyen dangin uwarta, idan dodo zai fito, mata da yara sukan shige ɗaka su ja ƙofa. Wata rana tana ƙarama, ita da innarta, 'yar'uwar uwarta, suna dawowa daga rafi suka yi kiciɓis da shi. Ya zane innar da bulala har tulun ya fashe, Chundung tana tsugune a cikin ciyawa tana kallon ƙafafunsa. Ta gane su. Ƙafafun kawunta ne, har da yatsan da gatari ya taɓa sara. Da yamma kawun ya zo ya zauna ya ci tuwon matar da ya daka, ba wanda ya ce uffan. Bayan haka ne uwarta ta ɗauke ta suka koma wajen masu bi, aka yi musu baftisma rana ɗaya.

Yanzu ga shi ya biyo su har ƙasar Turawa, har ɗakin jikarta. Ba ta tsaya neman shawara ba. Ta ɗauko almakashi ta yi wa rigar filla-filla tana kiran sunan Yesu, ta ƙulle a leda, ta kai kwandon shara. Ranar kuwa ranar motar shara ce. Kafin azahar an kwashe.

Olive ta dawo ta yi ɗakinta da gudu, ta fito tana tambaya. Chundung ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

"Na yanka shi na zubar, ƙawata. Dodo ba ya kwana a gidan masu bi."

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta dubi kakarta, ta juya ta shiga ɗaki. Daga ranar ta rufe baki. Da safe takan yi gaba ita kaɗai zuwa bakin titi, Chundung tana bin ta a baya da ƙafafu masu ciwo. In an gaishe ta ta ɗaga kai. In an zuba mata gwate ta ture. Gidan ya yi wa tsohuwar shiru irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a makokin mijinta.

Davou ya same ta a kicin, rigar aikinsa tana jikinsa.

"Mama, wannan fa ba dodon gida ba ne. Wasan yara ne, na littafi. Kuma na duba, sun ƙare, ba za a kawo wata kafin Juma'a ba. Ki dai ba ta haƙuri."

"Haƙurin za ta sa a jiki ranar Juma'a?"

"To ya za a yi, Mama?"

"Tafi aikinka, kada ka makara."

Da gida ya watse ta ɗauki littafin a kan gadon Olive ta tsallaka gidan maƙwabciyarsu Sa'adiya, Bakanuwa mai aiki a kantin magani, wadda ranar take hutu. Ita ce kaɗai a layin da Chundung take gaisawa da ita har da tambayar gajiya.

"Mama, lafiya da littafin yara? Ko boko za a koma?"

"Ke dai karanta mini, 'yata. So nake in san wanda na kashe."

Sa'adiya ta yi dariya har da riƙe ciki da ta ji labarin, sannan ta ga idon tsohuwar ta daina. Ta zuba mata shayi, ta buɗe littafin tana juya shi da Hausa shafi bayan shafi.

Orlo dai a bakin daji yake zaune, kusa da wani gari mai sanyi, kuma ba ya magana ko kaɗan. Aikinsa shi ne tsintar abin da mutane suka yar, safar hannu, ɗan akuya da ya ɓata, mabuɗi, ya ajiye wa kowa nasa a bakin ƙofa ba tare da an gan shi ba. Mutanen garin kuwa suna cewa shi ne ɓarawon, yara suna jifansa. Akwai kuma wani tsuntsu mai ƙyalli da kowa yake so, mai daɗin baki, kullum yana alkawarin zai tsare garin. Ranar da yarinyar da ta fi kowa jifan Orlo ta ɓata cikin ƙanƙara, tsuntsun ya ce fukafukinsa na ciwo. Orlo ne ya nemo ta, ya naɗe ta cikin gashinsa, ya kawo ta har tsakiyar gari da rana tsaka, yana sane za a jefe shi. Aka kuwa jefe shi.

Chundung ta daɗe tana kallon hoton, jini a goshin halittar, yarinya a ƙirjinsa.

"Wannan ai na san shi," ta ce. "Shi ne mutumin nan na cikin Maganar Allah da ya tsaya a hanya ya ɗaure wa wanda 'yan fashi suka sara raunukansa, bayan malamai sun wuce. Gashi kawai suka sa masa." Ta rufe littafin. "Kekenki na ɗinki yana aiki?"

"Yana aiki, Mama, ni ce ba na aiki."

Suka ɗauko keken. Chundung ta fito da tsohon bargonta ruwan ƙasa da ta zo da shi daga Jos, Sa'adiya ta kai ta kanti a mota suka sayo zaren ulu. Ta yanka bargon a kan awon wata rigar Olive. Sannan ta zauna a falo tana yanka zaren tana ƙulla shi ɗaiɗai, layi bisa layi, yadda zai zubo ya yi motsi in an yi tafiya. Ba wanda ya koya mata wannan. Idonta ya gani sau ɗaya daga cikin ciyawa, bai manta ba. Yatsunta suka yi tsami, bayanta ya riƙe, ta ci gaba.

Olive tana wucewa ta falon kamar ba ta gani. Rana ta farko ta wuce. Ta biyu ta tsaya shan ruwa a inda za ta iya hange. Ranar Alhamis da yamma, Chundung tana ɗinka kunnuwa a tsaye, sai ta ji murya a bayanta, da Turanci, a ƙufule.

"Kunnuwansa ba a tsaye suke ba. Faɗuwa suke yi."

Chundung ba ta juyo ba, don kada yarinyar ta ga fuskarta. "To zo ki nuna mini. Ni ban taɓa haɗuwa da shi ba."

Olive ta matso ta lanƙwasa kunnen da yatsa. Ta shafa gashin. Sannan ta ɗaga hular rigar ta ga gabanta a buɗe.

"Ina fuskar?"

"Ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Zauna."

Ta zauna a ƙasa. Chundung ta ba ta labarin rafi da tulu da yatsan kawunta, tana ɗinki tana magana, ba ta ƙara gishiri ba. Olive ta tambaya ko an kira 'yan sanda. Kakar ta ce babu wanda aka kira.

"Shi ya rufe fuska ne don kada a san hannun da ya yi duka," ta ce. "Da na ga waccan rigar, shi na gani. Ban tambayi naki abin da ya yi ba, na yanka shi. Irin abin da mutanen garin nan suka yi masa ke nan, kuma Ubangiji ya gani. Amma ke za ki fita da fuskarki a buɗe. In kin ture wani a san ke ce, in kin ɗaga wani a san ke ce."

"Amma Orlo yana ɓuya."

"Ranar da ya ɗauko yarinyar ya ɓuya?"

Olive ta murza zare a yatsa. Can ta tashi ta shiga kicin, Chundung ta ji ƙarar murfin tukunya.

Ranar Juma'a an kwana ana yayyafi. Olive ta fito cikin rigar, gashi yana rangaji daga kafaɗa har idon sawu, ƙaramar fuskarta a tsakiya. Davou ya ɗauki hoto ya ruga aiki. A bakin ƙofa yarinyar ta dubi taɓon da ke kan hanya, ta waiwaya ta dubi bayanta. Kakar ta zarce a awo, wutsiyar tana jan ƙasa.

"Kaka," ta ce, da Hausarta mai karyayyen baya, "wutsiya ya yi dogo. Zai yi datti. Ki riƙe mini."

Chundung ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki wutsiyar da hannu biyu. Haka suka bi layin, Orlo a gaba yana ba da labarin wanda zai zo da shigar tsuntsu a ajinsu, tsohuwa a baya tana ɗingishi tana cewa a rage sauri. Sa'adiya ta leƙo ta taga ta rangaɗa guɗa. Da bas ya tsaya Olive ta hau matakala, kakar ta miƙa mata wutsiyarta, ta ce ta ɗora a cinya kada a taka.