Lodin Kawu a Watan Azumi

Ba kawuna ba ne na jini. Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya koro shi Alƙahira da matarsa da 'ya'ya mata, suka raɓa a wani ɗaki a unguwar Arba wa Nus. Ni kuwa ɗalibin addini ne a unguwar Madinat Nasr, wake da burodi suka ishe ni, na gano gidan da ake tuƙa tuwo na liƙe musu. Malam ƙarami yake kirana, wai gemuna bai kai na fatawa ba.

Direban babbar mota ne a wani kamfani mai kai wa otal-otal kayan sha. Ruwa da lemo yake ɗauka, bai taɓa yarda an ɗora masa giya ba. Sai azumi ya zo. Abokan aikinsa da suka shekara suna jigilar giyar suka ce su kam sai bayan salla, tsoron Allah ya motsa. Masu yawon buɗe ido kuwa ba azumi suke yi ba. Aka kira Kawu aka ce ko ya ɗauka ko ya ajiye makulli. Wa zai ɗauki baƙo mai katin gudun hijira aiki a wannan gari? Ya ɗauka.

Ni kaɗai ya gaya wa. Na buɗe baki ke nan ya ɗaga hannu.

"Na san hukuncin, Malam ƙarami. Kada ka karanta mini."

Tausayinsa ya kama ni. Ya ce giya ba a ɗaukarta kamar lemo, sai da takardar izini, a ciki an rubuta lambar mota da yawan kaya, daga ina zuwa ina, da hanyar da za a bi. Muddin kana kan hanyar, ɗan sanda zai duba ya ce ka wuce. Ka kauce mata, kai da ɗan fasa-ƙwauri ɗaya ne. Shi dai ba takardar ce ta dame shi ba. Kada mutanensa su sani, shi ke nan damuwarsa, don shi ne mai yi musu ladanci.

To mutanen Sudan suna da wata al'ada da azumi. Ba sa shan ruwa a ɗaka. Tabarmi suke shimfiɗawa a bakin titi, kowane gida ya fito da tirensa, dab da magariba kuma su tare duk motar da ta gifta, sai direba ya sauko ya ci ko yana so ko ba ya so. Hanyar da aka rubuta wa Kawu ta bakin unguwarsu ta bi. Kullum da rana tsaka yake wucewa, ba a shimfiɗa komai ba.

Rannan cunkoso ya riƙe shi har rana ta yi ja. Ya hango tabarmin daga nesa, ya san da sun gane motar za su yanyame ta, kwalabe kuwa ba sa rufa wa kowa asiri. Sai ya karya kan mota ya shiga wani titin. A can ya faɗa shingen 'yan sanda. Baƙo, da lodin giya, a hanyar da ba ta cikin takarda! Kamfani ya ce ba shi ya aike shi can ba. Daga nan aka koma binciken takardunsa na zama, waɗanda dama a kan siraɗi suke.

Da na samu ganinsa a inda ake tsare da shi ya rame, farar furfura ta fito masa a haɓa. An riga an gaya masa mayar da shi Sudan za a yi. Bai yi kuka da wannan ba. Roƙona ya yi in gaya wa jama'a lemo ne ya ɗauko, takarda ce ta samu matsala. Wallahi har haushinsa na ji, mutum ana shirin raba shi da iyalinsa yana ta lemo. Amma na ce masa to.

Da yamma na je bakin titin, na samu dattijon da ke ja musu salla yana jera kofuna. Na fara isar da saƙon. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ce in zauna.

"Ɗana, tun farkon wata muka sani. Mai gadin kamfanin ɗan unguwar nan ne. Mun yi magana a tsakaninmu, in motarsa ta zo da magariba kada kowa ya tare, kada kowa ya dubi bayanta. Ranar ni da kaina na tsaya can da dabino da ruwa, in miƙa masa ta taga ya wuce. Na ga sanda ya juya."

Bayan salla aka tafi da Kawu. Ya kira ni daga can sau ɗaya, layin yana yankewa, ya tambaye ni ko jama'a sun yarda da zancen lemon. Na ce sun yarda. Ya ce alhamdu lillahi.