Shingen Aguwar Baffa

Jiya nonon aguwa ya ɗiga mini a hannu, fari fat, mai danƙo, sai Baffa ya faɗo mini a rai. Baffan maigidana ne, lambunsa na jikin namu a bayan Zango.

Shekarun da maigidana ke fataucin goro a Gwanja, duk bazara Baffa ne ke gyara shingen da ya raba mu. Yakan sare rassan aguwa ya ajiye a inuwa kwana uku kafin ya dasa. "Sai yankan ya bushe, 'yata, in ba haka ba ruɓewa zai yi." Ni kuwa in dama fura in kai masa, in durƙusa ina godiya, yana goge hannunsa da ƙasa yana sa mini albarka.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka yi kaftu, sai ga tsofaffin kututturan aguwa jeri huɗu a cikin lambunsa. Ashe kowace shekara ta wajenmu yake dasa sabon shinge, ya sare tsohon. Yana cin ƙasarmu, ina shayar da shi fura!

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, amma kada ta wajen maƙwabcinsa.