Ranar da Aka Sauke Jinka

Me ya hana ni buɗe baki a ranar nan? Shekara arba'in ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba, jikata ce ke rubutawa ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta ajiye biro, kukan ya daɗe tare da ni.

Daga Anka aka kawo ni aure wani ƙauye tsakanin Bukkuyum da Gummi, lokacin duk muna jihar Sakkwato. Maigidana tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin basasa da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya, amma in aka yi tsawa sai ya zauna ƙasa ya rufe kai, jikinsa na ɓari. Tun a bariki ya koyi shan wiwi, ya ce ita ke kwantar masa da ƙarar da ke cikin kansa. Ranar kasuwar Gummi yakan hau keke ya je bayan tasha ya sayo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsayuwa cikin 'yan tasha, sa'annin ƙannensa, suna kiransa Kofur suna sara masa suna dariya. Mutum ne mai kunya ƙwarai.

Wata shekara bayan girbi, ya zo da iri a ƙullin takarda. A ƙuryar gidanmu akwai wani ɗakin jinka da ba mai kwana ciki, inda nake ajiye tsofaffin tukwane da turmin da ya tsage. Ya tara gwangwanayen madara da wata fasasshiyar randa, ya cika su da ƙasa, ya shuka, ya saki asabari. Shi kuwa ba manomi ba ne, tun yana saurayi ya tafi soja. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Wani ya taɓa gaya masa a Ikko cewa Turawa da fitila suke shuka ta a ɗaki, sai ya riƙa kunna fitilar ƙwai da rana tsaka yana ajiyewa kusa da gwangwanayen. Kananzirin da muke lallaɓawa ya ƙare a banza. Tsiron ya fito fari fat, siriri kamar zare, ya kwanta ya ruɓe. Ya sake shukawa, ya sake ruɓewa.

Na shiga ɗaukar tukunya na same shi durƙushe gaban gwangwanayen kamar mai zaman makoki. Na tambaye shi ko mene ne yake ta wahala a kai. Bai ɓoye mini ba.

"Wiwi ce," ya ce. "In kin ce in zubar, yanzu sai in zubar."

Na sa jikata ta maimaita mini wannan wurin, don kada ya ɓace. Ya gaya mini gaskiya, ya kuma bar mini zaɓi. Ni na ce masa ya matsa in gani.

Tun a gidan Innata a Anka an san ni da hannun shuka. Yakuwa, rama, lalo, barkono, duk abin da na sa a ƙasa sai ya tashi. Da tausayinsa a raina, ba zan musa ba, amma har da son a ga iyawata. Na kashe fitilar, na hana shi taɓa tulun ruwa, na kwaso kashin awaki. Sannan na ɗauki gora na ɓula jinka ta gefen da ke kallon bayan gida, na buɗe har rana ta sauko tsakiyar ɗakin. Kafin bazara shukar ta kai mini ƙirji, kore shar, ganye kamar yatsun hannu. Mai wucewa zai ce rama ce. Nakan shiga in tsaya ina kallo, raina fari, kamar na yi abin kirki.

Ramin da na ɓula shi ya tona mu. Yayan maigidana, wanda muke kira Yaya, ya hango shi daga hanyar gonarsa. Ya ga damina ta matso, ya san ƙanensa ba ya iya hawa sama saboda ɓarin jiki, sai ya tara maƙwabta gayya bai gaya wa kowa a gidanmu ba. A wurinmu in za a gyara ɗaki, maza ne ke kewaye shi su ɗaga jinka gaba ɗaya su ajiye ƙasa, su baibaye da sabon shuci, su mayar. Suka zo da hantsi, ranar da maigidana ya tafi Gummi gyaran keke. Yaya ya yi sallama, ya ce in shiga ɗaki maza za su shigo.

Na shiga. Ina riƙe da asabari ina leƙe. Da na ce a dakata sai maigida ya dawo, da Yaya ya dakata, don ba mutum ne mai gardama ba. Amma ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ni gidan, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ji suna haɗa baki suna ɗagawa, ana raha, wani na tsokanar wani wai tuwo kawai ya iya ɗauka. Suka sauke jinka, sai ga shukar tsaye cikin rana, a gwangwanaye da randa.

Rahar ta mutu. Wani ya ce rama ce. Wani da ya yi zaman kurmi ya tsinki ganye ya murza, ya kai hanci, ya yar, ya goge hannu a wando.

Bayan la'asar, da maigidana ya dawo, aka zauna a zauren Yaya, da liman da wakilin mai gari. Lokacin sojoji sun sake karɓar mulki, kullum rediyo na maganar hukunci mai tsanani a kan irin wannan, kowa na tsoro. Aka kira ni na tsaya bayan zana. Yaya ya ce kowa ya san ƙanensa ko gero bai iya shukawa ba, wannan aikin mai hannu ne.

"Matar ƙanena, ke ka ba abin ga ruwa?"

Na ce ni ce.

"Kin san ko mi ne?"

Kafin in ja numfashi, maigidana ya amsa. Ya ce ni ban san kome ba, shi ya ce mini ramar kudu ce da ba ta son iska, ya yaudare ni. Yaya ya sake tambaya ko haka ne. Na yi shiru. Aka ɗauki shirun nan a matsayin kunyar mace.

Ba a kai maganar gaba ba. Aka ƙone shukar a bayan gari, aka sa maigidana ya yi alkawari gaban liman cewa ya bari, ya kuwa bari. Washegari mutanen suka dawo suka ƙarasa baibaya, ba mai magana da wani.

Ni kuma sai mata suka yi ta shigowa jaje. Uwar mijina, wadda ni ma Inna nake ce mata, ta riƙe hannuna tana kuka tana ba ni haƙuri a kan abin da ɗanta ya yi mini, har ta ba ni sabon zane. Na karɓa, na ɗaura. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce kaɗai ta dube ni ta ce ashe ramar Anka daban take da tasu, tunda 'yar Anka ba ta gane ta ba. Ta yi murmushi ta fita, ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta rasu.

Maigidana shi ya ɗauki sauran. Ya daina fitar da akushinsa ƙofar gida inda maza ke cin abinci tare. A masallaci ya koma sahun baya. In ya wuce kasuwa sai a ce ga mai rama. Daminar nan aka yi tsawa mai yawa, na gan shi zaune ƙasa yana ɓari, ba abin da zai sha, bai kuwa taɓa ce mini ke ma da hannunki ba. Ni ana kirana biki da suna, ana kwatance da ni a kan haƙuri.

Damina biyar ya ƙara a duniya. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a wannan ɗakin da aka gyara, don ya fi sanyi. Ranar da zai cika, da azahar, Yaya na zaure yana jira. Na durƙusa kusa da shi na ce zan fita in gaya wa Yaya gaskiya, na sani tun ranar farko, ni na ɓula jinka, a wanke sunansa tun yana ji. Yau da nake faɗa wa jikata, Yaya ya rasu, Inna ta rasu, ba wanda ya rage da zai ji ya yi amfani. Ban sani ba ko wanke maigidana nake yi ko saɓa masa. Don a ranar ya kama bakin zanena, ya girgiza kai, ya ce:

"Zauna. Ni na gama jin kunyata, ke kina da sauran zama cikin mutane. Ki bar ta a rama."