Fedar hagu ta keken Yaya Isa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Isa makwancinsa a ƙauyenmu, gabas da Kona. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta. Duk shekara in kaka ta yi nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Ni ba marubuci ba ne, mai walda ne a Tasawa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Bana dai na kasa ajiyewa, domin akwai laifin da wana ya mutu yana ɗauke da shi a idon iyalinsa, alhali nawa ne.

Mai gyaran keke ne, a gindin wata bishiyar bedi bakin kasuwar Kona. Mutum ne mai sanyin hannu har ya ba ka haushi. Sai ya yini a kan ƙafar keke ɗaya yana miƙe ta, mai keken na zaune yana tsaki. Da zai leƙo yau, da ya tarar 'yan kabu-kabu sun cinye inuwar bedin, ga masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe, ga samarin da ba su gyara komai sai dai su cire su yar su sa sabo. Na san zai duƙa ya tsinci abin da aka yar, ya goge a riga, ya sa aljihu.

Ɗiyarsa ta fari, Rakiya, ciwon shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana rarrafe. Ƙafar ta siraɗe, ta kuma gaza 'yar uwarta tsawo. Tana da shekara tara ba ta shiga lakwal, makarantar boko, ba, don lakwal ɗin tana Kona, tafiyar ta fi ƙarfinta. Majo, babban ma'aikacin asibiti, ya ce ƙafar nan aiki take so, in ana motsa ta kullum za ta yi ƙwari. Shi ne Yaya Isa ya samo tsofaffin kekuna biyu, ya ce in haɗe mashi su su zama ɗaya: shi a gaba yana riƙe da kai, ita a baya tana tuƙi da tata fedar. Na yi waldar. Mutanen kasuwa suka yi ta dariya, suka sa wa abin suna jirgin Isa.

Matsalar ita ce hannun feda na manya ne. In feda ta sauka ƙasa ƙafar yarinyar ba ta kai, in ta hau sama gwiwarta ta doki ƙirji. Ya fara ɗaura mata guntun katako a kan fedar, ƙasa ya gyaru, sama ya ƙara lalacewa. Sai ya gane da'irar ce ta yi mata faɗi. Ya auna ƙafafunta da zare, ya zo Tasawa da hannuwan fedar biyu, ya nuna mini inda zan huda sabon rami kusa da gindi, na hagu ya fi matsowa ciki saboda gajeriyar ƙafar.

Ga abin da wanda ba ɗan sana'a ba bai sani ba. Fedar dama, dama ake murɗa ta. Ta hagu kuwa haƙoranta a juye suke, hagu ake murɗawa, don tuƙi ya riƙa ƙara ɗaure ta. In aka yi mata haƙoran dama, kowane taki kwance ta yake yi kaɗan kaɗan. Yaya Isa ya faɗa mini wannan sau biyu, ya ce in ba ni da ƙarfen yanka haƙoran hagu in jira a kawo daga Maraɗi. Na ce ina da shi. Ƙarya nake. Ina ji da kaina lokacin, sabon buɗe shago, ba na son a ce akwai abin da na rasa. Na yanka haƙoran dama, na samo fedar dama na sa, na ɗaure ta har da bugun guduma. Harafin da ke jikinta mai nuna ta dama ce, na goge shi da zarto. Wannan gogewar ita ce ba ni da abin kare kaina a kai.

Wata biyu suka yi suna zuwa Kona. Yarinyar ta fara karatu, mushe, wato malaminsu, yana yabonta, ƙafar har ta soma nama. Yakan ɗaure mata ƙafar a jikin feda da roba don kada ta zame. Wata safiya a gangaren ƙorama fedar ta fita, ta tafi da ƙafar cikin wayoyin ƙafar baya ta keken. Gwiwar ta karye. An ɗora, amma ba ta sake lanƙwasuwa ba, lakwal kuma ta ƙare daga ranar.

A bakin asibiti, kafin kowa ya tambaya, Yaya Isa ya ce, "Ni ne ban ɗaure ta da kyau ba." Ina tsaye a gefensa, na yi shiru. Matarsa Hajara ba ta taɓa yi mashi gori a gaban mutane ba, amma gidan ya yi sanyi, kowa ya gani. A kasuwa aka riƙa cewa mai gyaran da ya kasa ɗaure fedar ɗiyarsa. Shekara biyar ya yi bayan nan, muna cin tuwo kwano ɗaya duk Sallah, ni kuma ina gaya wa kaina bai sani ba. Na saya wa Rakiya keken ɗinki na hannu, aka yi ta sa mini albarka, ina amsawa ba kunya.

Yanzu Rakiya tana aure, tana ɗinki a Kona, tana da ɗa ɗan shekara bakwai mai sunan Yaya Isa. Watan jiya ta aiko mini da jirgin nan a amalanke, duk tsatsa. Mijinta na son ya riƙa kai yaron lakwal da shi, esansi ya yi tsada. Ta kira ni a waya ta ce, "Baba Sale, don Allah ka ɗaure fedar da kyau. Kada a yi irin ta Baba."

Na sa kile, ƙarfen kwance ƙusa, a fedar hagu, na juya yadda na san na yi ta. Ta ƙi. Na juya ɗaya wajen, ta kwance lafiya lau. Na kankare tsatsar na duba: ramina an cike shi da walda, ba hannuna ba, an huda wani kusa da shi, an yanka haƙoran hagu tsaf. Nan na tuna sati guda bayan karayar ya tafi Maraɗi, ya ce magani zai sayo. Ashe ya duba, ya gani, ya kai an gyara, ya dawo ya rataye keken a zaure.

Me ya sa ya rufa mini asiri? Wataƙila don mahaifiyarmu na da rai lokacin, kada ranta ya ɓaci. Wataƙila jira yake in faɗa da bakina. Ban sani ba, kuma wallahi wani lokacin har haushinsa nake ji. Da ya mare ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Kayan aikinsa an raba, rumfarsa ta zama ta wasu, waɗanda suka san hannunsa suna ta ƙarewa. Abin da ya rage nasa shi ne sunan da ɗiyarsa za ta gaya wa jikokinsa, ni kuma na bar sunan nan da tabo shekara goma sha shida.

Ranar kasuwar Kona na kai mata keken da kaina, da sabbin ramuka daidai ƙafar yaron. Na zauna a ƙofar ɗakin ɗinkinta na faɗa mata komai, har da zarton. Ta tsai da ɗinkin. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Can ta ce, "Baba Sale, tun da ya rasu nake yi mashi addu'a da rabin zuciya. Inna ma haka. Ka tashi ka je ka faɗa mata da bakinka."