Lambar da ke Ƙarƙashin Fentin Lalo

Wendell Tubbs bai taɓa sayen sabon abin hawa ba a rayuwarsa. A Oildale aka haife shi, ƙetaren kogi daga Bakersfield, unguwar da injinan zuƙo mai ke ɗaga kai suna sunkuyarwa kamar jakuna masu gyangyaɗi. Mahaifinsa mai walda ne, shi ma waldar ya gada. Tun yana saurayi yake liƙe bututun mai, a durƙushe, a kwance, wani lokacin a cikin rami da ruwa har gwiwa. Da ya bar aiki, kamfani ya ba shi agogon bango, aikin kuma ya bar masa ciwon baya.

Abin da ya riƙe shi duk tsawon shekarun nan shi ne garejin bayan gidansa. A wajen mutane irin su Wendell, babur ɗin da ya fito daga kamfani ɗanyen kaya ne kawai. Sai an tuɓe shi, an yar da duk abin da ba ya sa shi tafiya ko tsayawa, an miƙe ƙafar gaba ta yi tsawo, an ɗaga ƙahon tuƙi, an cire shokozobar baya, sannan ya zama cofa. Wendell ke yankan ƙarfe ya liƙe, amininsa Lalo Gamboa ya yi fenti. Sun haɗa da yawa, amma ko ɗaya bai zauna a hannun Wendell ba. Da ya gama sai wata larura ta taso, ko rufin gida, ko karatun 'yarsa, ko aikin da aka yi wa matarsa Nadine a ido, sai a zo da mota a ɗauke babur, ya tsaya bakin titi yana goge hannu da tsumma.

Bayan ya ajiye aiki ne ya samo wani tsohon firam, wato ƙarfen gangar jikin babur, a kasuwar gwangwan, da takardarsa ta mallaka, duk ya yi tsatsa. Ya jingine shi a gareji ya ce wa Nadine, "Wannan nawa ne. Ko rufin zai faɗo mana a ka."

"Ka faɗa ne dai, tsoho," in ji ta, tana juya tukunyar wake.

Akwai wani aiki da masu cofa ke ji da shi. Bayan an gama walda, sai a bi duk mahaɗar ƙarfe da bodi-fila, a cike, a goge, a sake cikewa, har firam ɗin ya koma sumul kamar zuba shi aka yi a tukunya guda. Wendell ba ya son wannan, don waldarsa ake rufewa.

"Waldata ba ta bukatar hoda," ya ce.

"Waldarka kamar kashin kaji take," in ji Lalo. "Miƙo min samfefa, ka je ka zauna, kana tare min haske."

A wuyan firam ɗin, inda ƙafar gaba ke shiga, Lalo ya fi ɓata lokaci. Ya cike shi ya lailaye har ya yi kamar wuyan agwagwa. Babu wanda ya tuna da lambar shaida da kamfani ke bugawa a jikin babur. Baburan da suka taso da su a jikin inji lambarsu take, nan idonsu ya saba zuwa. Shi wannan firam na baya-baya ne, tasa a gefen dama na wuya aka buga ta, tsatsa ta ɗan disashe ta. Lalo ya bi ta kanta da fila yana fito, Wendell na riƙe masa ƙarfen.

Sannan Lalo ya zuba fenti, ja mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu, ya yi ta maimaitawa har mutum na ganin kamar zai iya tsoma yatsa ciki. A ƙarshe ya ɗauko siririn buroshinsa mai dogon gashi, ya ja zaren ruwan zinare a wuyan, da hannu kawai, ba ma'auni. Layukan suka taso daga gefe biyu, suka sarƙe, suka rabu, suka sake haɗuwa a ƙasan tanki. Yana ja yana riƙe numfashi. Da ya gama ya ce, "Idan ka taɓa nan da wannan hannun naka, sai na kashe ka."

Kafin shekara ta fita, Lalo ya faɗi a bakin shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa a hankali, a karkace, hannun kuwa bai dawo ba. Aka sayar da shagon, ya koma gidan 'yarsa. Wuyan babur ɗin Wendell ne abu na ƙarshe da ya zana.

Wendell ya ci gaba shi kaɗai, a lokacin da bayansa ya yarje masa. Wata rana ya ɗaura taya, sai ya yi mako a kwance. Ya ɗora inji da taimakon sarƙa da gungumen rufi. Ya shimfiɗa tsohon tawul a kan wuyan don kada sifana ta kuskure. Shekaru suka shuɗe a haka. Likita ya ce masa in ba a yi masa aiki a ƙashin baya ba, wata rana ƙafa za ta ƙi ɗaukarsa, in kuma an yi, to shi da babur sai kallo. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen bazara.

Ranar da injin ya tashi, karnukan unguwa duk suka ɗauki haushi. Saura lambar hawa titi. Babur ɗin ya daɗe ba ya cikin rajista, don haka sai an kai shi an duba. Ya ɗora shi a bayan a-kori-kura, ya ɗaure da igiya, ya tafi ofishin masu duba ababen hawa.

Jami'in da ya fito mutum ne mai natsuwa, ya kai shekarun 'yar Wendell. Ya zagaya babur ɗin, ya durƙusa, ya haska wuyan da tocila, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan zanen, Mista Tubbs?"

"Abokina."

"Ya iya." Ya kashe tocilar. "Ina lambar?"

Wendell ya nuna inji.

"Wannan ta inji ce. Takardarka ta firam ce. Lambar a nan ya kamata ta kasance." Ya kai yatsa kusa da zaren zinaren, bai taɓa ba.

Wendell ya zuba wa wuyan ido. Ya tuna ranar, ya tuna fiton Lalo, ya tuna hannunsa riƙe da ƙarfen.

"Tana ciki," ya ce. "Mun rufe ne."

"Na yarda da kai. Amma ba zan sa hannu kan abin da ban gani ba. Masu sata ma haka suke rufewa. Ka kankare wajen har ƙarfe ya fito, ka dawo."

"Ba wata na'ura da za ta gani ta cikin fenti?"

"Ni dai tocila aka ba ni, yallaɓai."

Ya komo gida ya sauke babur, ya mayar da tawul ɗin. Nadine ta ajiye masa wake da burodin masara, ta zauna tana kallonsa yana juya cokali.

"To ka kankare mana. Faɗin yatsa biyu ne."

"A tsakiyar zanen take."

"Sai a sake wani."

"Wa zai sake?"

Ta tura masa burodin gabansa. Can ta ce, "Kada dai in ji ka ce za ka ɗaura masa lambar wani babur. Na tsufa da zuwa belin miji."

Ya yi tunanin haka ɗin, bai faɗa mata ba. Ya yi tunanin sayen wani firam, ya kwashe komai ya mayar can, ya rataye wannan a bango. Amma wannan aikin wata shekara ne, bayansa kuma ba shi da wata shekarar. Sai bai yi komai ba. Da safe ya buɗe gareji, ya zauna kan bokiti, ya sha kofi, ya rufe. Zafi ya shigo, ciyawar bayan gida ta ƙone. Ya daina zuwa wajen Lalo ran Lahadi kamar yadda ya saba. In Lalo ya kira, sai ya ce baya ne.

Wata Asabar da hantsi ya ji tsayuwar motar Nadine, sannan ƙarar sanda a kan siminti, a hankali, ana jan ƙafa ɗaya. Lalo ya tsaya a ƙofar gareji, ya rame, hularsa ta yi masa yawa, hannun dama a cikin aljihu. Nadine ta ajiye masa kujera ta shige gida ba tare da ta kalli mijinta ba.

"Matsoraci," in ji Lalo. Kalmar ta fito da ƙyar, amma ta fito. "Sai matarka ce za ta gaya min?"

"Ba abin gaya wa mutum ba ne."

"Jakuna biyu. Shekara nawa muna wannan aiki, muka binne lamba." Ya yi dariya da rabin baki har tari ya kama shi. "Cire tsumman nan."

Wendell ya cire tawul. Lalo ya matso da kujera, ya daɗe yana kallon zanen, kamar aikin wani ne aka ba shi ya duba.

"Nan na ɗan yi rawa," ya ce, ya nuna wani lanƙwasa. "Ka yi atishawa."

"Ban yi ba."

"Ka yi. Ba ka iya komai shiru ba." Ya shafa wuyan da babban yatsan hagu. "Na yi fenti ne don a gan shi yana wucewa a titi, ɗan'uwa. Da na san a ƙarƙashin tawul zai ƙare, da firij ɗin Nadine na zana."

"Shi ne na ƙarshe, Lalo."

"Na fi ka sani. Hannuna ne. Kawo salatif."

Da hannun hagu da haƙori ya yayyanka salatif ɗin, ya kewaye wani ɗan wuri a gefen dama na wuyan. Murabba'in ya fito a karkace. Layukan zinare uku ne suka ratsa ta cikinsa. Wendell ya ɗauko injin gurza, Lalo ya buge masa ƙafa da sanda.

"Da hannu. Kai mahauci ne?"

Haka Wendell ya durƙusa da samfefa. Ƙyallin sama ya fara dusashewa, sai zinaren ya tafi, sai ja ya koma hoda ya cika masa farce. Ƙarƙashinsa farar fila, mai kauri fiye da yadda yake zato. Bayansa ya riƙe, ya kwanta a siminti ya huta, ya tashi ya ci gaba. Lalo bai kau da kai ba. Wajen azahar ƙarfe ya fara leƙowa. Wendell ya tsinke filar da ta cike ramukan da bakin allura, lambobin suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Da ya koma, jami'in ya haska, ya karanta, ya gwada da takarda, ya sa hannu. Ya kalli tabon ya ce, "Ka yi haƙuri." Wendell ya ce ba komai. Bayan wasu makonni lambar hawa titi ta iso cikin ambulan. Ya ɗaura ta a gefen tayar baya, ya shafa wa tabon man hana tsatsa.

Ya zaɓi safiyar wata Lahadi. Sai da ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga kafin injin ya kama. Ya fito titi, ya wuce injinan mai, ya hau gada. Iska ta shiga hannun rigarsa, wani mai babbar mota ya danna masa oda ya ɗaga masa babban yatsa. Na ɗan lokaci abin ya yi daɗi kamar yadda ya tuna. Amma cofa ba ta da shokozoba a baya, duk wani tsagin kwalta sai ya bi ta ƙashin bayansa har ƙeya. Kafin ya kai unguwar su Lalo, ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa.

Lalo na zaune a baranda. Wendell ya tsaya da gefen hagu wajensa, gefen da zanen yake cikakke.

"Juya shi," in ji Lalo.

Ya ja babur da ƙafa, ya juya shi da ƙyar. Lalo ya sunkuyo ya duba farin tabon a tsakiyar ja.

"Ka wuce salatif. Ga shi nan ta ƙasa."

"Hannuna ya gaji."

"Nawa mutuwa ya yi, ban wuce layi ba. Murɗa in ji."

Wendell ya murɗa mai. Tagogin gidan suka girgiza, wata maƙwabciya ta leƙo. Lalo ya rufe ido yana saurare, ya ce a ƙara, aka ƙara. Sannan Wendell ya kashe injin, ya zauna a kai, hannu biyu bisa tanki.

"Sauko mana, akwai kofi."

"Bari tukuna."

"Ba za ka iya saukowa ba, ko?"

"Zan iya. Bari dai tukuna."

Lalo ya juya ya ƙwala wa 'yarsa kira, ya ce ta buga wa Nadine waya ta taho da a-kori-kura, ta haɗo da igiya da katakon da ake tura babur. Wendell bai hana ba. Ya zauna yana jin injin yana hucewa a tsakanin ƙafafunsa, yana jiran jini ya dawo wa ta hagun.